Bawul ɗin silo a mota mai turbo: adafta ta manne, ta tiyo, ko a toshe ramin?

Motar da aka sa wa turbo, ko aka sauya mata manifol da totur, ba a kan hanyar Zariya take nuna halinta ba. A can ƙafa na kan totur, iska na shiga son ranta, duk wanda ya ga gudun sai ya yaba wa bakanike. Asiri yana tonuwa ne a cunkoson Ahmadu Bello Way a Kaduna da azahar: esi a kunne, ka ɗaga ƙafa ka taka birki, allura ta faɗi ƙasa da 500, inji ya yi kakkarwa ya mutu, na baya su cika maka kunne da hon. Ko kuma da asubar Janairu, hunturu na kaɗawa, ka tayar ta mutu, ka sake tayarwa ta mutu, sai ka riƙe ta da ƙafa har ta ɗumama.

Abin da ya ɓace a irin wannan mota shi ne bawul ɗin silo. A injin fetur mai totur na waya, wato wanda waya ke ja daga feda, idan direba ya ɗaga ƙafa faifan totur yana rufewa kusan ruf, sai wata ƙaramar hanya ta kewaye shi ta kai iska cikin manifol, wato ɗakin da ke raba wa silinda iska. Bawul ɗin yana zaune a kan wannan hanya, ƙwaƙwalwar mota ce ke buɗe shi da rufe shi. Da sanyin safiya ta buɗe shi sosai inji ya tsaya wajen zagaye 1,200 a minti, idan ya yi zafi ta rage shi ya dawo 700 zuwa 900, idan kwamfuresar esi ta kama ko fankar lagireto ta tashi ta ƙara buɗewa kaɗan don kada nauyin ya kashe inji. Manifol da totur na kasuwa, irin manyan nan masu sheƙi da samari ke odarsu, da yawansu ba su da mazaunin wannan bawul. Daga nan ake shiga neman adafta, wato ɗan ƙarfen da zai ba bawul wurin zama.

Kafin kowa ya kashe kuɗinsa, ya duba ko maganar ta shafe shi. Motocin turbo na baya-bayan nan, irin su Peugeot 508 da 3008 masu injin 1.6 THP da Ford masu EcoBoost, totur ɗinsu na lantarki ne, faifan da kansa ke riƙe silo, ba su da wani bawul na daban. Masu dizal irin Hilux da 406 HDi su ma babu ruwansu, da mai ake daidaita silonsu ba da iska ba. Waɗanda abin ya shafa su ne masu totur na waya: BMW E36 mai injin M50 da aka ɗora wa turbo, Subaru EJ20, Mitsubishi 4G63, Nissan SR20DET, Toyota 1JZ da 2JZ na farko-farko, tsofaffin Volvo da Saab masu turbo, da Civic ko tsohuwar Accord da wani ya ƙudura sai ya mai da ita jirgi.

Ƙwaƙwalwar ce ke fara zaɓa

Mutane kan fara da tambayar wace adafta ta fi kyau. Tambayar da ta riga ta ita ce wace ƙwaƙwalwa ke cikin motar. Idan ta kamfani ce, magana ta ƙare: bawul ɗin da aka ƙera ta da shi kaɗai take iya tuƙawa. Ƙwaƙwalwar da aka yi don bawul mai waya biyu ba za ta motsa sitefa mai waya huɗu ba ko da rewaya ya kwana yana haɗa wayoyi, kuma in aka matsa mata, abin da ke tuƙa bawul ɗin a cikinta ne zai ƙone. Mai irin wannan mota adaftar da ta dace da bawul ɗinsa na asali zai nema, ba wani ba.

Wanda ya sa ƙwaƙwalwa ta kasuwa, irin su Haltech, Link, ECUMaster, MegaSquirt ko Speeduino, shi ke da zaɓi, kuma bawul iri uku ne za su zo gabansa.

Na farko sitefa, wanda duk bakaniken Peugeot a Kaduna ya san shi kamar yunwar cikinsa, tunda garin da aka fara haɗa Peugeot a Kakuri a 1975 ba za a koya masa 406 ba. Ƙaramin moto ne mai tura wani tsinke gaba da baya taki-taki, tsinken yana toshe rami ko buɗe shi. Wanda aka fi yi wa adafta shi ne na GM mai waya huɗu. Kyansa, inda aka ajiye shi nan yake tsayawa ko da wuta ko babu, kuma matsin iska ba ya ture shi da sauƙi. Aibinsa, ba ya gaya wa ƙwaƙwalwa inda yake. Ita ke ƙirga taki, shi ya sa duk lokacin da aka kunna ko aka kashe makulli sai ta kai shi ƙarshe ta fara ƙirga daga sifili. Idan batir ya yi sanyi lokacin tayarwa, ko datti ya riƙe tsinken, ƙirgar ta ɓace, sai silo ya zama yau sama gobe ƙasa. Yana kuma cin wayoyi huɗu na musamman daga ƙwaƙwalwa. Speeduino ma sai an ƙara masa wani ɗan allo kafin ya iya tuƙa shi.

Na biyu mai waya biyu, wanda ake tuƙawa da bugun wuta mai sauri. Akwai na Ford da ake ɗaurewa da noti biyu a kan faffaɗan mazauni, akwai na Bosch mai kamar gwangwani da bakin tiyo biyu, irin mai lamba 0280140516. Na Ford yana son bugu wajen 300 a sakan, na Bosch wajen 100. In ba a saita daidai ba za ka ji shi yana kuka kamar zai fashe, ko ya ƙi motsi sai ya yi tsalle. Na Bosch yana da wani hali da ya kamata mai turbo ya sani: idan aka yanke masa wuta gaba ɗaya ba ya rufewa ruf. An bar masa ɗan buɗi da gangan don in waya ta tsinke mota ta iya kai mai ita gida. Rufewarsa ta gaskiya tana wajen kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na bugun, daga nan kuma ya fara buɗewa. Wanda ya rubuta sifili a kwamfuta yana zaton ya rufe, bai rufe ba.

Na uku mai waya uku, irin na BMW M50 da M52: nadi ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa, suna ja-in-ja. Yana da saurin amsawa, yana kuma samuwa cikin kayan Beljiyam. Wanda motarsa ta zo da shi, ban ga dalilin da zai jefar da shi ba.

Ta manne da ta tiyo

Adafta ta manne faifan alminiyam ne da ake ɗaurewa a jikin manifol ko tsakanin totur da manifol, bawul ya zauna a kansa kai tsaye. Aikin yana fitowa tsaf, babu tiyo mai lilo, babu kilif da zai kwance, hanyar iska gajera ce don haka inji na amsawa nan take. Idan manifol ɗinka ya zo da mazaunin da aka tanada, ko totur ɗin yana da ramukan kewaye, wannan ce ta fi. Amma tana da sharaɗi biyu. Dole fuskar ta zama a miƙe sarai, domin ɗan karkacewar da ido ba ya gani ya isa ya sha iska a silo ya kuma zubar da ita a matsi, wato idan turbo ya hura. Sannan wadda ake cusawa tsakanin totur da manifol tana tura totur gaba da kaurinta, santimita biyu ko fiye, sai ka tarar wayar totur ta yi gajarta, bututun intakula, wato na'urar da ke huce iskar turbo, bai kai ba, wani lokaci bonet ma ya ƙi rufuwa. A auna kafin a saya.

Adafta ta tiyo ɗan dunƙulen alminiyam ne mai mazaunin bawul a sama da baki biyu a gefe, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Ana ɗaure ta a duk inda aka sami wuri a ɗakin inji, a ja tiyo biyu. Ba ta da kyan gani kamar ta manne, kuma kowane bakin tiyo wuri ne da iska za ta iya gudu. Duk da haka ita na fi ba mutane shawara a kan motar da aka ɗora wa turbo daga baya, saboda tana shiga kowace mota, tana barin ka nisanta bawul daga zafin turbo, tana sa wanke shi ya zama aikin minti goma, kuma, mafi girma, kai ke zaɓar inda za ta sha iska. Bawul ɗin Bosch mai bakin tiyo shi ma a wannan layi yake, sai dai shi ko adafta ba ya bukata, maɗauri kawai za a yi masa.

Tiyon ya zama mai zare a ciki, wanda ba ya lotsewa idan manifol ya tsotsa, ba ya kumbura idan turbo ya hura, kuma baƙin mai ba ya narkar da shi. Faɗin cikinsa kada ya gaza milimita 12, ga inji mai silinda shida gara 16. Siririn tiyo irin na bakum zai riƙe silo idan inji ya yi zafi, amma da safe ko esi ya kama, bawul zai buɗe har ƙarshe iskar ba ta isa ba, a yi ta zargin bawul alhali maƙogwaron ne ya yi ƙanƙanta.

Inda bawul zai sha iska

Nan ne mota mai turbo ta rabu da sauran motoci, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. A motar da ba turbo, iskar cikin manifol kullum ba ta kai ta waje ƙarfi ba, don haka ta bawul hanya ɗaya take bi, daga waje zuwa ciki. Da turbo ya fara hurawa lissafi ya juye: cikin manifol ya fi waje matsi, duk wata kafa da ke kallon waje ta zama ƙofar fita.

Wuri uku ake iya ɗauko iskar.

Mafi sauƙi, a maƙala ɗan ƙaramin filta a bakin shiga na adafta ta sha daga sarari. Tiyo ɗaya, babu walda, aiki ya ƙare kafin la'asar. Shi ne kuma mafi muni. A matsin bar 1, wato fam 14.5, manifol zai riƙa tura iska baya ta cikin bawul. In ka yi lissafi, rami mai faɗin milimita 10 a buɗe a wannan matsi yana zubar da fiye da giram 20 na iska a kowane sakan, alhali injin lita 2 a silo giram 2 zuwa 4 kacal yake sha. Bawul ba kullum yake a wangale haka ba, amma ko kashi ɗaya bisa uku na wannan ya isa ya sa turbo ya makara wajen kamawa, ya riƙa juyawa fiye da kima don cike giɓin, iskar ta ƙara zafi. Ɗibar ruwa da kwando ke nan. Idan kuma motar tana da mitar iska a bayan filta, abin ya zama biyu: a silo inji na shan iskar da mita ba ta ƙirga ba, mai ya yi kaɗan; a matsi kuma iskar da aka riga aka ƙirga ta gudu, mai ya yi yawa, salansa ta yi baƙin hayaƙi, fulogi su yi baƙi. Ga ƙurar hunturu. Wancan ɗan filta mai kamar hular kwalba, daga Disamba zuwa Fabrairu, ko dai ya toshe ko ya bar ƙura ta wuce kai tsaye cikin silinda, ba ta bi ta babban filta ba.

Na biyu, a ɗauko daga bututun da ke tsakanin filta da bakin turbo, bayan mitar iska in akwai. Iskar tatacciya ce kuma ƙirgaggiya, wannan ya warware rabin matsala. Sauran rabin na nan: a matsi iska za ta koma baya ta zagayo bakin turbo, ya sake hura abin da ya riga ya hura. Maganinsa bawul mai hanya ɗaya a kan tiyon. Toyota da kanta haka ta yi a 2JZ-GTE, ta sa irin wannan a ƙarƙashin bawul ɗin silo, kuma masu wannan inji sun san idan ya lalace matsi ke gudu. Wanda zai bi wannan hanya ya nemi mai faɗin ciki daidai da tiyon, mai buɗewa da ɗan tsotso kaɗan. Na sabon birki, wato gangar nan da ke sauƙaƙa taka birki, da ake cirowa daga wata mota a maƙala yana hana komowa, amma cikinsa matsattse ne, zai shaƙe silon safiya. Kuma abu ne da tururin baƙin mai da ƙura ke daskarewa a ciki, sai an riƙa dubawa.

Na uku, a ɗauko daga bututun da ke tsakanin intakula da totur, kusa da totur ɗin. A silo wannan bututu yana kan matsin waje, manifol na tsotso, iska ta bi ta bawul yadda ya kamata. Idan aka take totur turbo ya hura, gaban bawul da bayansa matsi ɗaya ne, babu inda iska za ta gudu, ko bawul ɗin a buɗe yake ko a rufe, ko mai ɗan buɗin nan na Bosch ne. Iskar ta bi ta filta, ta bi ta mita, ta huce a intakula. Ba a bukatar bawul mai hanya ɗaya, ba a bukatar dogara ga kwamfuta ta rufe komai. Yawancin motocin turbo na kamfani haka aka tsara su, ko da hanyar a cikin jikin totur take. Kuɗinsa shi ne a huda bututu a yi waldar baki ɗaya, kuma in bututun alminiyam ne sai mai waldar agon, ba mai waldar ƙofa ba. Ɗan abin da za a lura, idan aka ɗaga ƙafa farat ɗaya daga cikakken matsi, bututun na cike manifol na tsotso, bawul zai wuce da iska fiye da kullum, allura ta ɗan yi jinkirin sauka. Ana gyara wannan a saiti.

Ni dai a ganina, adafta mai araha da aka ɗauko wa iska daga nan ta fi mai tsada da ke sha daga sarari nesa ba kusa ba.

Bakin fita kuwa ya shiga babban ɗakin manifol dab da bayan totur, inda iska za ta rabu wa kowane silinda. In aka kai shi ƙarshen manifol kusa da silinda ɗaya, wannan zai sha iska fiye da 'yan uwansa, silo ya riƙa ɗingishi. Kada a raba masa baki da tiyon sabon birki, kada kuma a haɗa shi da siririn tiyon sensar matsi ko na regileta ta mai, domin iskar da ke gudu a ciki za ta ruɗa abin da suke karantawa.

Masu E36 suna da tasu jarrabawar. A injin M50 bawul ɗin yana ƙarƙashin manifol, tiyonsa kuma yana shiga manifol ta wani bakin roba da aka tura kawai, zobe da ɗan maƙali ke riƙe shi. An yi shi ne don tsotso, wanda ke ƙara jawo shi ciki. Da matsi ya zo sai ya tofo shi waje: ka ji fuf, mota ta mutu ko ta ƙi silo, ka leƙa sama ba ka ga komai ba, sai an zura hannu ƙarƙashin manifol a lalubo rami a buɗe. Adaftar da wannan mota ke bukata ba ta sauya bawul ba ce, bakin alminiyam ne mai ɗaurewa da zai maye gurbin na robar, da kilif na ƙarfe a kowane gefe.

A toshe kawai?

Za ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, wannan abin wahala ne kawai. A toshe shi, in ɗaga maka silo da sukuru, shi ke nan." Ba ƙarya yake yi ba gaba ɗaya. Faifai ɗaya da gasket, babu waya, babu inda matsi zai gudu. Motar da ba ta da esi, ba ta shiga gari, wasa kawai ake fita da ita, tana iya rayuwa haka, musamman in ƙwaƙwalwar tana iya riƙe silo da tamin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ta ƙara wuta idan allura ta faɗi ta rage idan ta hau.

Amma sukuru wuri ɗaya ya sani. In ka saita shi da zafin Afrilu esi a kashe, esi na kamawa za ta mutu. In ka saita shi don esi, za ka yi ta yawo da silo 1,100 ko fiye, mai na ƙonewa a banza a wannan zamani da kowa ke ƙirga lita, mai giya otomatik kuma ya riƙa jin duka duk lokacin da ya sa giya, mota na jan birki a tsaye. Tsayin ƙasa ma na taɓa shi. Kaduna tana kan tudun da ya kai wajen mita 600, Jos ta ninka haka, iskar can ta fi sauƙi, silon da ya zauna daidai a Kawo zai yi ƙasa a Filato, ya yi sama in an gangara Legas. Ga motar da ake kai yara makaranta da ita, toshewa araha ce da ba ta ado.

Ɗaya ƙarshen kuma shi ne a bar waya gaba ɗaya a koma totur na lantarki, irin na Bosch mai faɗin milimita 68 ko 74. Babu bawul, babu adafta, babu hanyar kewaye. Sai dai yana bukatar feda mai sensa biyu, da ƙwaƙwalwar da aka yi don tuƙa shi, ƙananan masu araha irin Speeduino ba sa yi da kansu, da kuma mai saiti wanda ya san abin da yake yi, tunda kuskure a nan totur ne zai buɗe ba da izininka ba. Wanda yake gina mota daga tushe kuma aljihunsa ya kai, ya duba wannan. Wanda silo kaɗai ke damunsa, ya yi nisa da yawa.

Ta oda ko ta Panteka

Dunƙulen alminiyam mai ramuka uku ba abin da zai gagari Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, ba ne. Ga bawul irin na Ford, mazaunin fuska ce miƙaƙƙiya da rami biyu, duk mai injin sassaƙa ƙarfe zai fitar da ita in ka kai masa bawul ɗin da gasket ɗinsa ya auna. Sharaɗi ɗaya, a yanko daga faifan alminiyam na gaske mai kauri, kada a yi zubi irin na tukunya. Zubin yashi yana barin ƙananan kofofi a ciki, ga shi ba ya riƙe zaren noti, ranar da aka ɗan matsa sai zaren ya biyo notin. Idan an gama, a shimfiɗa samfefa a kan gilashi a goga fuskar har ta yi fari bai ɗaya. Duk inda ya rage duhu, nan ne kwari.

Ga sitefa na GM kuwa na fi son ta oda. Tsinken yana zama ne a kan wani mazauni mai gangare, kuma zurfinsa da faɗinsa da daidaituwarsa da tsakiyar moton sai sun yi daidai. In ya kauce kaɗan, ko dai ba zai rufe ruf ba, ko taki biyar ya kai ka daga mutuwa zuwa 1,500. Wanda ya yi odar ya duba irin zaren bakunan, domin da yawa zaren Amurka ne na inci, ba ya shiga da na milimita da ke cike kasuwarmu. Yana kama zare biyu ya cije, yaron shago ya ƙara ƙarfi, alminiyam ya tsage.

Ko wacce aka ɗauka, gasket na takarda ko zoben roba za a sa. Gam ɗin silikon da ake shafawa kamar man shanu yana matsowa ciki idan an ɗaure, ya bushe, ya yanke, ya je ya maƙale a bakin tsinke.

Ranar ɗaurawa

A ɗaure adaftar nesa da gidan wutar turbo, wanda ke iya yin ja idan an matsa wa mota, kuma moton bawul ya kalli sama ko gefe don baƙin mai da raɓa kada su taru a cikinsa. Wutar bawul mai waya biyu ta fito daga rilen da ke ba ƙwaƙwalwa wuta, ba daga batir kai tsaye ba. In rewaya ya ɗauko daga batir, wuta na iya komawa cikin ƙwaƙwalwa ta bayan gida, ka zare makulli inji ya ƙi mutuwa, ko ka wayi gari batir ya sauka. A tabbatar akwai dayod ɗin da ke kwashe wutar da nadi ke mayarwa, a cikin ƙwaƙwalwa ko a kan wayar. Sitefa kuwa ba a zare soket ɗinsa makulli na kunne, kuma in ya yi tafiyar baya, wayoyi biyu na nadi ɗaya za a musanya.

Bawul da yawa na motocin Japan suna da hanyar ruwan lagireto a jikinsu. A wasu don kada ƙanƙara ta kama ne, abin da ba ya faruwa a Kaduna, ana iya kewaye shi. A wasu kuwa akwai kakin da ruwan zafi ke narkarwa ya rufe wata hanyar iska ta safiya, kamar a tsofaffin Honda. In aka yanke wa wannan ruwa, hanyar za ta zauna a buɗe har abada, silo ya ƙi sauka.

Bawul ƙara iska yake yi, ba ya ragewa. Don haka a fara da inji mai zafi, bawul kusan a rufe, a juya sukurun totur har silo ya tsaya ɗan ƙasa da inda ake so, kamar da zagaye 100, sannan a sake koya wa ƙwaƙwalwa inda sensar totur ta tsaya. In ko da sukuru a kwance silo ya ƙi sauka ƙasa da 1,000, ko dai akwai inda ke shan iska, ko kuma ƙaton totur ɗin nan na milimita 90 ba ya rufewa da kyau, kuma babu adaftar da za ta gyara wannan. A haɗa wayar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa esi zai kama, don ta buɗe bawul kafin nauyin ya sauka ba bayan allura ta faɗi ba.

Abu biyu kuma ake ɗora wa bawul laifinsu. Ɗaya al'adar nan tamu ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye: inji ba ya kaiwa zafinsa, ƙwaƙwalwa na ganin har yanzu safiya ce, ta bar silo a sama ta ƙara mai. Ɗayan bawul ɗin nan mai atishawa da samari ke so, wanda ke fesar da matsi waje idan an ɗaga ƙafa. A motar da ke da mitar iska, iskar da ya zubar an riga an zuba mata mai, sai inji ya shaƙe ya mutu a daidai shataletale. Mai irin wannan mota ya mayar da bakinsa cikin bututun gaban turbo kafin ya taɓa silo.

Kafin a fita titi a yi gwajin matsi. A toshe bakin turbo da murfi mai bakin tayar mota, a cire murfin baƙin mai, a kawo iskar mai faci ta regileta a hankali zuwa rabin bar, in komai lafiya a kai inda motar ke aiki. Sai a fesa ruwan sabulu a fuskar adafta, da bakunan tiyo, da waldar da aka yi, da jikin bawul ɗin kansa wajen soket, domin tsohon bawul na Beljiyam yakan zubar ta nan. Ƙaramar kafa kumfa take tarawa a hankali kamar ƙwan kwaɗo, babba kuwa ba ta kumfa, tana busar da ruwan ne da shewa, sai da tafin hannu ake gane ta. Wanda ya bi hanyar bawul mai hanya ɗaya ya zare tiyon ta gefen shiga ya sa yatsa a bakin: in ya ji iska, an juya shi baibai ko ya riga ya mutu.